Ɗorawar Gwaggo a Bakin Tanderu

Ni ne na fara buɗe gidan burodi a danginmu, kuma har yau idan na bi ta inda ake gasa shi sai na kau da kai na ƙara sauri. Jikokina suna ɗauka tsufa ne ya sa mini tsirfa. Na bar su a haka, don gaskiyar ba ta yi mini kyau ba.

Gwaggona ce ta raine ni, yayar mahaifina. Ni ne ɗan fari, kuma a wancan zamani uwa ba ta sakewa da ɗan fari, don haka ana yaye ni aka miƙa mata. Ta yi aure sau biyu Allah bai ba ta haihuwa ba. Da mijin na biyu ya rasu sai ta dawo gidanmu, a wani ƙauye na ƙasar Faskari, aka ba ta ɗaki kusa da turken awaki. Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka bakinta bai taɓa furta shi ba. Ɗan goyo take ce mini. Ina rarrafe ɗan goyo, na shiga makaranta ɗan goyo, na yi gemu na auri mata biyu, ina nan dai a ɗan goyo.

Abin da ta mallaka a duniya ɗorawa ce guda uku. A tsakiyar gonar mahaifina suke, amma ba nasa ba ne. A wajenmu gona daban, itace daban. Ana iya raba gado ƙasa ta faɗa hannun namiji, itacen da ke kanta ya faɗa hannun mace, kuma babu mai ganin wani abin mamaki a ciki. Waɗannan ukun daga kakarmu ta gaje su. Akwai babbar, wadda mutum biyu ba sa haɗa hannu a gindinta, akwai ta tsakiya mai karkata gabas, sai ƙaramar da take kira auta duk da ta girmi mahaifina. Idan suka yi jan furen nan mai lilo kamar tuntun hula, sai ta je ta ɗaure ƙaya a gindinsu, kowa ya san masu shi na nan da ransu.

Akwai kuma wata ƙa'ida da kowane yaro ya sani. Ba a sare ɗanyar ɗorawa. Ko mai gona ba shi da iko, masu saran itace ma ba za su ɗora mata gatari ba, kuma mai unguwa ba ya wasa da maganar. Amma idan ta mutu da kanta, to kututturen ya zama na mai gona, tunda a ƙasarsa ya tsaya ya tare masa wuri. Mai itace 'ya'ya da inuwa take da su, ba gawa ba. Ku riƙe wannan, don a nan na bi na shiga.

Da waɗannan itatuwa Gwaggo take daddawa. Ta kaɗo 'ya'yan da gora, ta ɓare, garin nan rawaya ta ba mu mu sha har bakinmu ya yi kamar na 'yan tsaki, ɓawon ta jiƙa ta yi makuba ta daɓe ɗakinta da ita, kalwar kuma, wato ƙwayar, ta adana a manyan tukwane. Duk mako sai ta ɗebi kaɗan ta dafa yini guda cur, ta surfa, ta kai rafi ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe da ganye a kwando har ta yi warin da ake so, sannan ta kirɓa ta mulmula ta shanya. Matan ƙauyuka har daga wajen Sabuwa aiko mata suke yi. Da daddawar nan ta yi mini rigar makaranta, da ita take sayen goronta da zanenta, har likkafaninta ta saya ta naɗe ta ajiye a ƙasan adaka. Babban abin alfaharinta shi ne tunda take ba ta taɓa miƙa wa wani ɗan Adam hannu ba, ko da ƙanenta da take zaune a gidansa. Takan faɗi haka sau uku a yini, har abin ya gundure mu.

Ni kuwa warin ne ya ishe ni. Ya shiga rigata, ya shiga littattafaina, ya shiga gashin kaina. Da aka kai ni makarantar kwana, a makon farko yara suka raɗa mini ɗan mai daddawa, idan na zauna a benci sai a matsa. Na yi wanka da sabulu har fatata ta yi fari-fari, a banza. Ban taɓa gaya mata ba. Sai na riƙe abin a ciki ya yi ta girma tare da ni, kuma idan kuna neman inda mugunta ta ta samo asali, kada ku wahalar da kanku zuwa nesa.

Na gama makaranta na zama malamin awo a wajen sayen auduga. Ina cikin haka kuɗin mai suka shigo ƙasa. Wanda bai ga shekarun nan ba ba zai gane ba. Mutumin da jiya yake kan jaki yau ga shi kan babur, ya ɗaura rediyo a wuya. Kantuna suka cika da kayan da ba mu san ƙasar da suka fito ba: shinkafa fara sol mai dogon jiki, tumatirin gwangwani, madarar gwangwani, kifin gwangwani, da ɗunƙulen miya a takarda mai walƙiya. Mata suka fara jin kunyar a ji ƙanshin daddawa a miyarsu idan an yi baƙi. Samari suka daina karyawa da koko da ƙosai, sai shayi da burodi a bakin tasha, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na duba na ga inda duniya ta nufa, na ajiye aikin awo, na koma Ƙanƙara na gina tanderu na jan bulo, babba kamar rumbu, na ɗauko wani magashi da ya koyi aikin a kudu. Kafin shekara biyu na sayi a-kori-kura, na je Makka na dawo da haƙori mai ƙyalli. Duk Ƙanƙara Alhaji ake ce mini. Har mahaifiyata ta koma cewa Alhaji. Mutum ɗaya ce ta ƙi.

Na taɓa yi wa Gwaggo magana a kan haka, cikin lalama. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita da ta wanke mini kashi ba ta ga abin da jirgi ya canza ba, ban da haƙori. Matan gida suka yi ta dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki.

Alkamar da ake yin fulawar nan ban taɓa ganinta a gona ba. Direban da ke kawo mini buhuna daga Funtuwa shi ya ba ni labari. Ya ce a wata ƙasa mai sanyi ake nomanta, a zuba a jirgin ruwa ya yi makonni yana ratsa teku yana tuƙa hayaƙi, ya zo Ikko ya bi layi, a niƙa, a loda wa tirela ta kwana uku a hanya tana shan mai duro-duro. Ni a lokacin daɗi labarin ya yi mini. Ina ganin duk duniya ce ta tashi tsaye don ta kawo mini kaya har ƙofar gida. Abin da ban tsaya na lura ba shi ne, bayan duk wannan tafiya, garin nan ba ya ciyuwa sai an ƙona itacen ƙasarmu a ƙarƙashinsa. Kuma idan an gasa, kwana uku ya yi funfuna. Kalwar Gwaggo daga gona zuwa gida take tafiya, a kanta, ta shekara a tukunya ba abin da ya same ta.

Tanderu ba ya ƙoshi. Wannan shi ne abin da magashina bai gaya mini ba sai da muka fara. Kullum sai an cika masa ciki da manyan gumagumai tun la'asar, ba ƙirare ba, itace mai nauyi wanda zai riƙe zafi. Da farko a bayan gari muke samu. Muka cinye marke, muka cinye ƙirya, muka bi dajin da ke tsakanin ƙauyenmu da rafi muka aske shi tas, wanda a nan matan ƙauye suke yin itacen girki tun kaka da kakanni. Daga nan motata ta fara zuwa har wajen Damari, hanya duk rami, ta tafi da safe sai yamma, wani lokaci ta dawo a ɗaure a bayan wata. Ga kuma wasu sun ga ina samu sun buɗe nasu gidajen burodin, kowa na farautar itace ɗaya.

A wannan shekarar mahaifina ya rasu, gona ta zama tawa. Na je zagayawa da wani mai tarakta da nake so ya yi mini huɗar masara, sai ya tsaya ya dubi ɗorawar nan uku ya ce injinsa ba ya son kwana-kwana, kuma masara ba ta son inuwa. Magashina da ya raka mu kuwa sai ya je ya bubbuga gindin babbar da tafin hannu, ya ce wannan ita kaɗai za ta yi mana wata biyu. Tun daga ranar idan na dubi itatuwan ba na ganin ɗorawa, lodi nake gani.

Na fara bi ta hanyar arziki. Na je wa Gwaggo da turmin atamfa da kwalin ɗunƙule da buhun shinkafa 'yar waje, na ce ta huta haka nan, shekaru sun ja, cinikin daddawa ya mutu, ni zan riƙe ta har ƙarshen ranta, ta bar mini itatuwan. Gaskiya ne cinikin ya ja baya, rabin masu aiko mata sun daina. Tana zaune tana mulmula daddawa, ba ta ko ɗago ba. Ta ce shinkafar ta gode, a kai wa yara. Ɗunƙulen kuma ta ɓare ɗaya ta lasa ta tofar, ta ce gishiri ne aka sa wa riga. Sannan ta ce:

"Ɗan goyo, in ka riƙe ni, ran da ka gaji hwa? Su waɗanga ba su gajiya."

Na tashi ina huci. A mota na yi ta maimaita maganar, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a gaban matata ta faɗa.

Na jira ta gama kaɗe 'ya'yan shekarar, ta kwashe kalwarta ta zuba a tukwane. Kada ku ɗauka tausayi ne. Ina so ne ta daina zuwa gonar kullum. Lokacin sharar gona ya yi, lokacin da kowa ke tara karan bara da ciyawa yana cinna wuta kafin ruwa ya sauka, hayaƙi ko'ina, ba mai tambayar wani. Na zaɓi ranar Juma'a da rana tsaka, maza sun tafi masallaci a garin gaba, mata na cikin gida. Ni Alhaji guda na bar salla, na shiga ɗakin mahaifina na ɗauki gatarinsa na gado, na tafi gona ni kaɗai.

Gatarin yana da giɓi a baki, ɗan ƙarami, duk inda ya sara sai ya bar wani siririn layi a tsaye a cikin saran. Na tuɓe babbar riga na rataye a reshe. Na durƙusa na sassare ɓawon babbar daga ƙasa, na zagaye gindin kaf, na shiga cikin naman itacen sosai yadda ruwa ba zai ƙara hawa ba. Wani jan ruwa mai danƙo ya riƙa tsattsafowa yana manne mini a hannu. Na yi wa ta tsakiya, na yi wa auta. Hannuna da ya saba da biro da sitiyari duk ya yi kanta ya fashe. Sannan na jawo kara dami-dami na jibga a gindin kowacce har ya rufe saran, na ƙyasta ashana. Ban ji komai ba a lokacin sai gajiya da ƙishirwa. Na tuna har na tsaya na ɗauki wata ɗorawa da ta faɗo na ɓare na sha garin, ina kallon wutar.

Da yamma na aika aka ce mata an samu tsautsayi, iska ta kwashi wutar shara ta kai gindin itatuwa. Na zo da kaina na yi mata jaje, na yi salati, na zagi iska. Ta saurare ni har na gama. Ba ta yi kuka ba, ta ɗauki ƙwarya da tulu ta fita.

Abin da ta yi daga nan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Ta kwaɓa laka da kashin shanu, ta durƙusa ta wanke gindin kowace ɗorawa, ta shafe ƙunar da hannunta kamar yadda ake yi wa bango yaɓe, ta naɗe da tsumma. Kullum da sassafe sai ta ɗauko ruwa daga rafi, tulu uku, tsohuwa mai shekara kusan saba'in, ta zuba musu. Mutane suka yi ta ba ta haƙuri, wasu na yi mata dariya a bayan ido. Ni kuma idan na zo ƙauye sai in tsayar da mota a bakin gona in ce sannu da ƙoƙari Gwaggo, Allah ya sa su tashi. Har addu'a nake yi da ƙarfi don a ji. Ita kuma sai ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana, kamar tana jiran in ƙara wani abu, sannan ta ce amin.

Damina ta sauka, duk duniya ta yi kore ban da su. Ganyen ya yi rawaya ya zube a tsakiyar Agusta. Kafin kaka babbar da ta tsakiya sun bushe ƙayau. Auta ce kaɗai ta yi gardama, ta fito da wani ɗan toho daga ƙasan saran, ganye biyar ko shida. Gwaggo ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki, tana zuwa dubawa safe da yamma, har ta fara cewa a gida auta za ta rayu.

Na je wurin mai unguwa da goro na ce itatuwa sun mutu a gonata. Ya zo ya duba, ya ga biyu matattu, ta ukun ma daga sama ta bushe. Na tsaya ta yadda babbar rigata ta kare tohon. Ya ce to, hukuncin Allah, na mai gona ne. Washegari na kawo masu sara. Kwana huɗu suka yi, motata ta yi sawu tara. Da suka tambaye ni kututturen auta mai toho, na ce a tone shi a ƙone, tarakta za ta wuce. Gwaggo tana tsaye a bakin gona da tulunta a ka lokacin da aka yi. Ta juya da ruwanta ta koma gida.

Ba zan ɓoye ba, burodin da aka gasa da itacen nan ya yi kyau. Magashina ya ce bai taɓa samun wuta mai kwanciya irinta ba.

Saura kalwar da ke tukwane, ta ƙarshe. Ta ci gaba da dafawa kaɗan-kaɗan, tana ja da ita. Amma dafa kalwa na cin itace, kuma da can busassun rassan ɗorawarta da dajin bakin rafi ne ke ba ta. Yanzu babu ɗorawa, dajin kuma motata ta riga ta kai shi Ƙanƙara. Matan ƙauye sai sun yi tafiyar rabin yini kafin su haɗa dami ɗaya, wasu sun koma girki da kara da kashin shanu. Kara ba ya dafa kalwa. Ƙafafunta kuma sun fara kumbura tun ɗaukar ruwan nan. Duk na san wannan, ana gaya mini, ina cewa ai na ce ta huta.

Wata ranar kasuwar Ƙanƙara da hantsi ina zaune a ƙofar gidan burodi a kan kujera mai hannu. Dilan fulawa ya zo daga Funtuwa, mutum mai tsabta da turare, wanda nake so in burge don ya ƙara mini buhuna. Masu shayi sun yi layi suna jiran a fito da na safe. Sai na hango ta tana tahowa daga tasha, da sanda, da tsohon mayafinta, ƙafa duk ƙura. Tunda na buɗe wurin ba ta taɓa zuwa ba. Kafin ta iso warin ya riga ta, ko kuwa ni ne hancina ya ƙirƙiro shi, har yau ban sani ba. Na ga dilan ya ɗan taɓa hancinsa da hankici.

Ta yi sallama ta gaida mutane, sannan ta dube ni a gaban kowa ta ce:

"Ɗan goyo, icce nike so. Kaɗan, na tukunya biyu. In motarka za ta gida ta aje mani."

Wani mai shayi ya ƙyalƙyale da dariya jin sunan, ya toshe baki. Dilan ya tambaye ni a hankali ko wace ce. Na ce wata tsohuwa ce daga ƙauyenmu. Ta ji, don ba ta da nisa kuma kunnenta garau yake.

Sai a yanzu nake gane girman abin da ta yi. Matar da ta shekara saba'in tana alfaharin ba ta taɓa roƙo ba, ta hau mota ta zo ta roƙi itacenta a hannun wanda ta goya. A lokacin kuwa abin da ke raina kawai yadda zan sallame ta kafin ta sake kiran sunan. Na ce mata itacen nan na aiki ne, a ƙirge yake, idan na fara rabo ba zan gasa komai ba. Na ce ta bar wahalar daddawar nan da ba mai saye.

Sai ta taka zuwa inda aka jibge itacen a gefen tanderu, ta riƙa dubawa tana taɓawa da sanda har ta tsaya a kan wani gungume. Gindin babbar ne. Lakar da ta shafa tana nan a jikinsa ta bushe, har da shatin yatsunta. Ta sunkuya ta ɓanɓare lakar da farce, ta sa ɗan yatsa a cikin saran, ta bi siririn layin nan a hankali. Ta yafito ni. Na je don kada ta ɗaga murya, amma ba ta ɗaga ba, ni kaɗai na ji.

"Gatarin ubanka ne. Ni na yi mashi giɓin ga, ina yarinya, na sari dutse. Tun ran da na wanke masu ƙuna na gani." Ta ɗago ta dube ni. "Na ce ko ka zo ka hwaɗa mani da bakinka."

Wato duk watannin nan da take ɗaukar ruwa, da nake tsayawa ina yi mata addu'a da ƙarfi, ta sani. Ba ta kai ni wurin mai unguwa ba, alhali kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta zubar mini da mutunci a ƙasar Faskari duka. Kallon nan da take yi mini kafin ta ce amin, jira take yi. Ga shi kuma ta sake ba ni dama, mu biyu, ba mai ji. Abin da ake bukata in ce bai fi kalma uku ba. Na waiga na ga dilan yana duba agogo.

Na ce, "Wuta ce, Gwaggo. Tsufa ya fara taɓa maki ido."

Na shiga ciki na ɗauko burodi biyu manya masu zafi, na fito na miƙa mata a gaban jama'a, da murya yadda kowa zai ji irin kirkina, na ce ta kai gida ta sha shayi. Na ɗauka za ta watsa mini a fuska. Wallahi da ta yi haka da na samu sauƙi. Sai ta jingine sandarta, ta dafa gungumen, ta durƙusa har ƙasa da kumburarrun gwiwoyinta, yadda talaka ke yi a gaban mai kuɗin da bai sani ba. Ta miƙo hannu biyu ta karɓa.

Ta ce, "Na gode, Alhaji. Allah shi ƙara arziki."

Dilan ya ce kai, tsofaffin ƙauye akwai ladabi. Na yi murmushi, haƙorina na ƙyalli.

Ba ta ƙara dafa kalwa ba. Wadda ta rage ƙwari suka cinye a tukunya. Na riƙa aika mata shinkafa da madara da sukari duk wata, tana karɓa, tana aiko da godiya, kuma duk aiken da za a kawo mini da Alhaji yake farawa. Ta daina faɗin maganar nan tata ta miƙa hannu. Matan gida suka ce tsohuwa ta yi sanyi, ta san girman ɗanta yanzu.

Gonar ta ba ni masara mai kyau shekara biyu. A ta uku ruwa ya fara yanka ta daga daidai inda babbar take, don babu saiwar da za ta riƙe ƙasa, babu ganyen da zai rufe ta. Yau kwazazzabo ne a wurin, raƙumi zai shige ba a gan shi ba. Tanderun ma bai yi tsawon rai ba. Kuɗin mai suka ja baya, fulawa ta fara wuya, tirela ta daina zuwa, na rufe. Akuyoyin maƙwabta ne ke kwana a cikinsa. Matata ta dawo tana neman daddawa, sai an kawo daga wata ƙasar, kuma kullum sai ta ce ba ta kai ta Gwaggo ba.

Gwaggo shekara huɗu ta yi a duniya bayan ranar da na miƙa mata burodin nan. Da ciwonta ya yi tsanani na je na zauna a bakin gadonta da rana, na sa kowa ya fita. Daɓen ɗakin duk ya farfashe, ba makubar gyara shi. Na riƙe hannunta, na faɗa mata komai, gatarin, da Juma'ar, da rigar da na kare tohon auta da ita. Na yi kuka kamar yaro. Ta ce ta yafe, duniya da lahira, kuma na san da gaske take, don ba ta iya ƙarya ba. Sai na roƙe ta abu ɗaya. Na ce ta kira ni yadda take kirana da, ko sau ɗaya.

Ta daɗe tana dubana, irin kallon nan na bakin gona. Ta ɗan matsa hannuna.

Ta ce, "Sannu, Alhaji. Ka sha hanya."